Inda Inna Ke Sa Ƙafa

Banɗakin Inna mita ɗaya da rabi ne a faɗi, mita biyu a tsawo. Babban mutum in ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannuwansa, zai taɓa bango biyu. Amma sai da na kwashe sati uku ina kai-komo tsakanin gidanmu na cikin birni da kasuwar Ƙofar Ruwa kafin na tsayar da tayil ɗin da za a sa masa. Maƙwabta har sun fara tambaya ko sabon gida muke ginawa.

Faɗuwa Inna ta yi. Da asuba ne, ta shiga kama ruwa, ƙafarta ta dama ta zame, ta tafi da baya. Allah ya taƙaita abin, ya tsaya a targaɗen wuyan hannu da buguwa a ƙugu, cikin wata guda ta warware. Abin da bai warke ba shi ne tsoro. Matar da ta haura shekara saba'in tana yi wa kanta komai sai ga shi ta koma alwala a tsakar gida, ba ta shiga wanka sai ta tabbatar akwai wani a kusa. Ran nan na zo gaishe ta da hantsi, na tarar ta zauna a bakin ƙofa da bokitinta, ruwan har ya huce, tana jiran yarinyar da aka aika ta dawo. Na ce, "Inna, ai da kun shiga, ga ni." Ta ce, "Ke 'yar nan, ƙasan wurin nan ba ya ƙaunata." Wannan maganar ce ta kai ni kasuwa.

Wurin dai bai taɓa gusawa ba. Tun ina yarinya yana nan a kusurwar kudu, bayan ɗakinta, kuma a tsawon rayuwata na ga ƙasansa ya sake kama sau uku.

Na farko da na sani ba shi da rufi. Katangar ƙasa ce ta kewaye shi, shi ya sa ma ake ce masa makewayi. A gefe guda ga masai, bakinsa wuyan tsohon tulu ne da aka dasa, ana rufe shi da kasko, ana zuba masa toka. A ɗaya gefen an baza tsakuwa, an kafa wani falalen dutse da ake tsayawa a kai a yi wanka. Ruwa ya bi ta cikin tsakuwa, ya fita ta rariya, rana ta busar da saura kafin azahar. A kan dutsen nan Inna ta yi wankan jegonmu duka, kwana arba'in-arba'in, da tafasasshen ruwa da ganye, ba mu taɓa jin an ce ta zame ba. Dutsen yana da kaushi, har a jikinsa ake goge kaushin dunduniya.

Ɗakuna kuwa daɓe ake yi musu, kuma daɓe aikin mata ne. Na riski na ƙarshe da aka yi a gidanmu, lokacin da za a kawo amaryar kawuna. Tun da kwana biyu aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka daka, ruwan ya yi jajawur. Aka kawo jar ƙasa da tsakuwa aka baza. Da safe matan unguwa suka cika gida, kowace da madaɓinta, suka durƙusa a jere suna bugu, ana waƙa ana amshi, wata tsohuwa tana bin su da ƙwarya tana yayyafa ruwan makuba. Ba a tashi ba sai da ƙasa ta daina shan madaɓi. Da ta bushe sai ta yi duhu-duhu, ta yi ƙarfi, tana wani ƙamshi da har yau in na ji irinsa sai in tuna gidan. Inda ruwa ke yawan taɓawa, kamar gindin katanga, magina kan shafe shi da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Duk kayan nan a cikin gari ake samun su, daga marina, daga majema, daga gindin ɗorawa.

Abin da ban lura da shi ba sai yanzu shi ne, masu daɓen su ne masu share shi, su ne masu taka shi ba takalmi, su ne masu zama a kansa su yi tankaɗe. In wuri ya yi kwari, tun ana bugu wata za ta ce a ƙara ƙasa. Ba wanda ya zaɓar musu.

Ba zan yi wa wancan zamani ƙarya ba. Makewayin nan yana zarni, musamman da bazara. Ƙuda ba ya rabuwa da shi, da dare kyankyasai su fito, kuma ba a shiga sai da fitila saboda kunama. Da damina kowa zuciyarsa na ɗar-ɗar, don an sha jin masai ya rufta da mutum. Tsofaffi suna ba da labarin duba-gari, yadda in ya shigo unguwa mata ke rige-rigen share bayi da wanke randa kafin ya iso. Amai da gudawa ya ɗauki yara da yawa a unguwanni irin tamu. Duk wanda ya ce wancan ya fi, bai yi wanka a cikinsa da sanyin hunturu ba.

Siminti ya shigo gidanmu ne bayan kuɗin man fetur sun fara zagawa. Kamfanin siminti na Sakkwato ya riga ya fara aiki tun 1967, na Ashaka ya biyo baya a 1979, buhu ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Baba ya sa aka ɗora wa makewayin kwano, aka yi wa bakin masan sulab, aka zo shafe ƙasa. Ina tsaye birkilan ya barbaɗa busasshen siminti, ya dinga murza shi da cokali har ya fara sheƙi, yana jin daɗin aikinsa. Sai Inna ta leƙo, ta ce, "Malam, wannan sulɓin na wane ne? Sabulu zai hau kansa fa." Ta ɗauko tsohuwar tsintsiya ta miƙa masa, ta sa ya ja ta a kan ɗanyen simintin, layi-layi, zuwa bakin rariya. Birkilan bai so ba, amma ya yi. Wannan ƙasan ya fi shekara ashirin yana aiki. Yakan yi gansakuka a kusurwa, gishiri ya ci gindin bangon, ana kankarewa ana faci, amma ƙafa tana kama shi.

A shekarun nan gidajen masu hali tarazo suke yi, wasu jan siminti, mu kuma aka shimfiɗa mana leda a ɗaka. Tayil sai asibiti, sai otal, sai gidajen unguwar Nasarawa. Ba a jima ba kwantena ta fara sauke na Sin, farashi ya sauko, daga baya aka kafa masana'antu a nan gida, a Ajakuta ta jihar Kogi da kuma jihar Ogun. Kafin a ankara tayil ya zama ma'aunin gida. Mai neman haya tambayarsa ta farko ke nan, dangin amarya in sun zo ganin ɗaki shi suke fara dubawa. Fasasshensa ma bai tsira ba, ana sayensa a buhu a jera a tsakar gida.

A wannan guguwar Yayanmu ya gyara wa Inna banɗaki, shekara goma ke nan. Da zuciya ɗaya ya yi, kuma ya kashe kuɗi. Ya kira mai famfo, aka haƙa sokawe, aka cike tsohon masai, aka kawo na tangaran. Da aka zo ƙasa, sai ya kawo ragowar tayil ɗin falonsa, manya masu 60 da 60, ruwan madara, masu ɗaukar ido kamar madubi. Ranar da aka gama kowa ya zo ya gani ya yi sam barka. Ni ma na yi. Inna ta sa albarka, ba ta ce komai ba, don uwa ba ta kushe kyautar ɗanta a gaban jama'a. Daga baya na ga ta yanko tsohon buhu ta shimfiɗa a inda take tsayawa. Alamar ke nan, ba mu karanta ta ba.

Bambancin aikin birkilan nan da na Yaya ɗaya ne. Siminti a cikin gida ake kwaɓa shi, a gaban matar gida, tana iya sa baki tun yana ɗanye. Tayil kuwa a kasuwa ake yanke hukuncinsa, a tsaye a jikin bangon shago, a bushe, fitila na haska shi, mai saye yana sanye da takalmi. Sai ya iso gida a kwali, an riga an biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan cinikin ba a tambayar mai ɗaki.

Da na shiga kasuwa, shagon farko yaron ya tare ni da "Hajiya, na Sifen kike so ko na Italiya, ko na gida?" Duk inda na shiga tambayar ke nan, sai kuma launi. Tun da aka saki naira a 2023 na waje ya yi tsadar da sai wane da wane, mutane da yawa sun koma na gida, kuma a cikinsa akwai mai kyau ƙwarai. Amma ni ba ƙasar da aka yi shi ce damuwata ba. Sai a rana ta uku na faɗa shagon wani dattijo, na gaya masa gaskiyar abin da ya kawo ni. Ya yi shiru, ya ce, "Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ai kin zo da magana." Ya sa aka sauko da fale-fale guda biyar aka kwantar a ƙasa, ya fasa ledar ruwa ya zuba musu, ya ce in murza tafin hannuna a kan kowanne. A kan mai sheƙin hannuna ya tafi suu, kamar an shafa mai. Kyan ɗan maciji ke nan. A kan marar sheƙin hannun ya tsaya.

Shi ya koya mini a juya tayil a dubi bayansa. In ka ɗiga ruwa a bayan na bango, nan da nan zai shanye, don jikinsa sakwaf yake, ba shi da nauyi, ba a yi shi don a taka ba. Mai ƙarfin, wanda suke kira fosilin, an gasa shi da wuta mai tsanani, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, ɗigon sai ya zauna a kai yana kallonka. Na ƙasa yana iya hawa bango, na bango ba ya sauka ƙasa. Ya kuma nuna mini lambar da ke jikin kwali, ya ce in tabbatar duk kwalayena lamba ɗaya ce, don gashi ɗaya ba ya zama daidai da wani, ko da sunan tayil ɗin ɗaya ne. In aka haɗa, sai an ɗora a bango bambancin launin zai fito.

Na roƙe shi ya sayar mini da ɗaya-ɗaya daga kala huɗu. Na ɗauko su a Adaidaita Sahu na kawo gida, na jera a tsakar gida, na kwara musu ruwan sabulu, na riƙe hannun Inna ta taka kowanne ba takalmi.

A nan na ga abin da ba zan taɓa gani a kasuwa ba. Ni na riga na ƙwallafa rai a kan wanda ya fi kowanne kaushi, mai gurzar ƙafa kamar dutse. Inna ta taka, ta sunkuya ta shafa, ta ce, "Wannan zai riƙe ni, amma zai riƙe dauɗa. Wa zai wanke?" Gaskiyarta, ramukansa za su tara kanta, sai an yi ta dirza da buroshi. Baƙin ta ce a'a, ruwan burtsatsenmu yana barin fari-fari in ya bushe, kullum zai zama kamar ba a wanke ba, kuma ko kunama ta kwanta a kai ba za ta gani ba. Fari tas ɗin ma ta ƙi shi a ƙasa, saboda sawun ƙafa da ruwan lalle. Ta tsaya a kan wani ruwan ƙasa-ƙasa, marar sheƙi, mai ɗan yashi-yashi a fuska, ta motsa yatsunta, ta ce, "Wannan ya yi kama da daɓe." Sannan ta ƙara da abin da ko a mafarki ban kawo ba: kada a yi bango da ƙasa launi ɗaya. Idonta ya yi rauni, in komai ya zama fari ba ta gane inda ƙasa ta ƙare bango ya fara. Na tuna na Yaya, sama da ƙasa duk ruwan madara ne.

Girman ma sai da aka yi muhawara. Yaya yana ganin manya sun fi kyau, layi kaɗan ne, wuri ya fi faɗi a ido. A falo haka ne. Amma ƙasan banɗaki dole ta gangara zuwa magudana, wajen santimita biyu a kowace mita, kuma falle mai 60 da 60 ba ya lanƙwasa. A wuri mai mita ɗaya da rabi, falle biyu da rabi ne ya cika faɗin, to ta ina za a fitar da gangara? Sai dai a shimfiɗa shi a miƙe, ruwa ya kwanta. Abin da ya faru da na da ke nan, kullum akwai ɗan tafki a bakin ƙofa, a nan kuwa ta zame. Ƙanana masu 30 da 30 suna bin gangara, kuma yawan layukan da ke tsakaninsu wani abin kama ƙafa ne. Da na bayyana masa haka, ya ce, "Ki yi yadda Inna ta ce."

Lissafin bai da wuya. Ƙasa sikwaya mita 3 ce, wato falle 34, na sayi 38 saboda yanka da fashewa. Bango zagayensa mita 7, muka tsaya a tsayin ƙofa, da aka cire ƙofar ya rage wajen sikwaya mita 13. Na ɗauki fari mai sheƙi, 25 da 40, falle 130 da ƙarin kashi goma cikin ɗari. A bango sheƙi alheri ne: sabulu ba ya maƙalewa, tsumma ɗaya ya isa, kuma yana ƙara wa ɗan wurin haske, tagarsa ƙarama ce.

Mai sa tayil ɗin matashi ne, hannunsa yana da kyau, amma yana sauri, don a kan mita ake biyansa. Na ɗauki kujera na zauna a bakin ƙofa kwana uku. Na bangon sai da ya jiƙa su a baho, don in an ɗora su a bushe suna zuƙe ruwan simintin, daga baya su saki. Na roƙe shi ya cika bayan kowane falle, kada ya ɗiga siminti a kusurwa huɗu ya manna, don wanda cikinsa rami ne shi ke fashewa, kuma nan kyankyaso ke gida. Da ya gama layi sai in bi da kan mabuɗi ina ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙarar ganga a cire. Sau biyu ya ce, "Hajiya, ko kin taɓa aikin nan ne?" Na ce ban taɓa ba, uwata ce za ta taka. Daga nan bai sake gardama ba, har shi ya kawo shawarar a rage tsayin dokin ƙofa, kada ta dinga ɗaga ƙafa tana jiƙe.

Masan bai juya ba, yana nan yadda Baba ya tsara tun farko, ba ya fuskantar alƙibla, ba ya ba ta baya. Sai dai mun canza na tsuguno zuwa na zama, don gwiwoyinta. Salla ma yanzu a zaune take yi. Ta yi jim kafin ta yarda, tana ganin kamar tsarki ba zai yi ba, sai da aka sa mata ɗan famfo a gefe. Aka gina ɗan dakali a ƙarƙashin famfon alwala, aka kafa ƙarfen dafawa biyu a bango. Da aka cike layuka da farin siminti ya bushe, kafin in biya cikon kuɗi na kwara bokiti guda a tsakiya, muka tsaya muna kallo. Ruwan ya tattara ya bi hanyarsa, bai bar ko cokali ba. Na gargaɗi yara kada wanda ya wanke shi da asid, don yana cinye simintin layuka, ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashi. Ragowar fale-falen suna ƙarƙashin gadon Inna, saboda kalar da ka saya bana ba lallai ka same ta baɗi ba.

Tun daga lokacin idona ya buɗe, ko'ina na shiga ƙasa nake kallo. Wuraren alwala na masallatai da yawa an malale su da mai sheƙi, dattawa suna tafiya a kai suna dafa bango. Haka banɗakunan makarantun Islamiyya, haka na gidajen haya, inda masu ciki da masu goyo ke shiga da bokiti a hannu. Waɗanda suka ba da kuɗin aikin neman lada suke yi, ban da shakka. Amma karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne, da yawa daga ita ba su sake miƙewa ba. Kuma marar santsin ba wani tsada ya fi ba, sau da yawa a shago ɗaya suke, a jere.

Inna ta koma alwalarta a ciki. Da asuba ina jin ƙarar famfo in na kwana a gidan, ba ta tashin kowa. Buhun nan ma ta jefar da shi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in Allah ya hore maka za ka gyara wa iyayenka banɗaki, kada ka biya kuɗin kwali ko ɗaya tukuna. Sayi falle ɗaya-ɗaya ka kai gida, ka zuba musu ruwa da sabulu, ka riƙe hannun tsohuwarka ta taka, ka kira mai wanke wurin ita ma ta shafa, sannan ka koma kasuwa.